Me zan faɗa a kan kawuna alƙali?

TAMBAYA

 Daga Madawa nake rubuto maka. Kawuna ya rasu, har an yi sadakar arba'in. Yanzu tsofaffin abokan aikinsa sun shirya zaman tunawa da shi, dangi kuma suka ce ni zan yi magana da yawunsu, tunda ni ke karatun shari'a a jami'ar Tawa. Malamin makaranta ne da fari, kotu kan naɗa shi ya tsaya wa waɗanda ake tuhuma ba su da lauya. Daga baya ya koma karatu ya zama alƙali, ya yi aiki a Buza da Keita. Yana ɗalibi shi ne mai tsaron gida na ƙungiyar ƙwallon makarantarsu. Duk wanda na tambaya sai ya ce "mutumin kirki ne", daga nan sai shiru. Me zan faɗa? Innata kuma ta ce kada in kawo zancen ƙwallo, wai zubar da girman alƙali ne.

Wani ɗalibi, Madawa

AMSA

 Allah ya jiƙan kawunka, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi. Ka gaishe da inna, ka yi mata ta'aziyya a madadina.

Kada ka raina "mutumin kirki ne" ɗin nan. Mutanenmu na cewa shaidar duniya ita ce ta lahira, kuma alƙalin da aka sauke shi a kabari mutane na faɗin haka ya ci riba. Sai dai kalmar kowa ana yi masa ita, mai gyaran keke da limami. Kai da za ka tsaya gaban abokan aikinsa, abin da ake bukata daga bakinka shi ne ka nuna wanda aikinsa ya kai gare shi. Bari in ba ka labarin wani alƙali, za ka ga abin da nake nufi.

Sunansa Keba Mbaye, ɗan ƙasar Senegal, an haife shi a 1924 a Kaulaha, garin nan na Shehu Ibrahim Inyass da babu Bahaushen da bai san sunansa ba. Kamar kawunka, da alli ya fara: ya fito makarantar William Ponty, ya koyar, sannan ya karkata ga shari'a. Ya shugabanci Kotun Ƙoli ta Senegal tun daga 1964, daga 1982 zuwa 1991 kuma yana cikin alƙalan Kotun Duniya da ke Hague, har ya riƙe mataimakin shugabanta. A watan Maris na 1993, ana tsakiyar rigimar zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Abdou Diouf da Abdoulaye Wade, ya ajiye shugabancin majalisar da ke fassara tsarin mulki ya koma gida. In ka isa dokokin kasuwanci na OHADA a karatunka, waɗanda Nijar ke aiki da su, to hannunsa na cikin yarjejeniyar da ta kafa su a 1993.

Wannan duk jerin muƙamai ne, irin wanda ake karantawa a taro mutane na gyangyaɗi. Ga abin da ni nake tuna shi da shi.

A ƙarshen 1979 aka tara masana shari'a na Afirka a Dakar, shi ne jagoransu, suka tsara daftarin Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi. Shugabanni suka amince da ita a Nairobi a 1981, ta fara aiki a 1986. Sashe na 5 ya haramta bauta da cinikin bayi. Shekara goma bayan ta fara aiki, a 1996, a nan jiharmu ta Tawa, aka sayar da wata yarinya 'yar shekara 12 mai suna Hadijatou Mani a kan jaka 240 na sefa, aka kai ta gidan wani dattijo a matsayin wahaya. Kai ɗan Madawa ne, ba sai na fassara maka wannan kalma ba: mace ta biyar, babu sadaki, babu ɗaurin aure, aikin gida da na gona duk a kanta. Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka a 2003, a 2005 maigidan ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ba za ta fita ba, wai matarsa ce.

Ƙaramar kotun Ƙonni ce ta fara sauraron ƙarar a 2006, ta ce babu aure a nan, yarinya ta tafi abinta. Kotun da ke samanta ta rushe wannan hukunci. Da Hadijatou ta auri wanda take so, sai aka tuhume ta da aure kan aure, aka yanke mata wata shida a 2007, ta kwana gidan kaso kusan wata biyu. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta da lauyoyin Hadijatou suka kai maganar gaban kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, suna dogara da waccan yarjejeniya. Kotun ta zo ta zauna a Yamai, ranar 27 ga Oktoba 2008 ta ce an bautar da Hadijatou, hukumomin ƙasa ba su kāre ta ba, a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Ta kuma ɗora laifi a kan alƙalan da zancen bauta ya zo gabansu ƙarara suka wuce shi kamar ba su ji ba.

Keba Mbaye bai ga wannan rana ba. Ya rasu a Dakar ranar 11 ga Janairu 2007, 'yan watanni kafin a kulle ta. Amma duk sa'ad da aka ambaci sunansa, ni Ƙonni ke faɗo mini a rai kafin Hague. Ina kuma tuna alƙalin ƙaramar kotun nan da ya faɗi gaskiya tun farko, a garin da mai ƙara da wanda ake ƙara da danginsu duk suna iya tarar da shi a kasuwa. Irin kujerar da kawunka ya zauna a Buza da Keita ke nan, kuma ta fi ta babban birni zafi.

Shi ya sa nake so ka fi daɗewa a kan shekarunsa na tsaya wa marasa lauya. Lauyoyin Nijar kusan duka a Yamai suke. Talakan da aka kama a ƙauye, ba ya jin Faransancin da ake rubuta takardunsa da shi, wanda kotu ta naɗa masa shi ne bakinsa, sau da yawa kuma irin su kawunka ne, malaman makaranta. Sai a 2011 aka kafa hukumar ƙasa ta ANAJJ domin tsara wannan taimako. Wanda ya taɓa zama kusa da mai laifi yana jin yadda muryarsa ke rawa, in ya hau kujerar alƙali ba zai yi gaggawar rufe bakin mutum ba.

Zancen ƙwallo kuwa, inna ƙauna ce ta sa ta faɗi haka, tana tsare mutuncin ɗan'uwanta. Ka lallashe ta. Harshenmu da kansa ya haɗa wasa da alƙalanci, domin mai busa usur alƙalin wasa muke ce masa. A Tawa aka fara kokowar ƙasa a 1975, Kantu na Maradi ya yi nasara, kuma duk wanda ya taɓa zama filin kokowa ya san in alƙali ya karkata fili ya ɓaci. Keba Mbaye ya shiga kwamitin wasannin Olamfik na duniya a 1973, ya shugabanci kotun wasanni ta Lausanne tun kafuwarta har rasuwarsa. A watan Maris na 1991 shi ya jagoranci tawagar da ta je Afirka ta Kudu ta gana da Mandela da De Klerk, ta gindaya sharuɗɗan kawar da wariyar launin fata a wasanni, ƙasar ta dawo gasar Barcelona a 1992. Babu wanda ya ce wasa ya rage masa girma. Mai tsaron gida ma, in ka duba, shi ne na ƙarshe da ke tsaye bayan an wuce kowa, kuma kuskurensa ɗaya kowa ke gani. Ba zan yi mamaki ba in a bakin raga kawunka ya fara koyon haƙuri da surutun 'yan kallo.

Kafin ranar taron, ka hau mota ka je Buza. Ka nemi tsohon magatakardan kotu ko tafintan da ya yi aiki da shi, su ne ke riƙe da labarin da ba ya cikin takarda. Ka roƙe su su ba ka shari'a ɗaya, ta gona ko ta gado ko ta rikicin manomi da makiyayi, wadda hukuncinsa ya sa wani ya koma gida da haƙƙinsa. Ka sakaya sunayen masu shari'ar, don suna da 'ya'ya da jikoki a gari. Sannan ka nemo ɗaya daga cikin waɗanda suka buga ƙwallo da shi, ka zaunar da shi a sahun gaba kusa da inna. In ka gama naka, ka miƙa masa magana.