DARASIN MAKO: KUƊIN MAGANI NA JAMA'A, DA YADDA AKE BA DA LISSAFINSA

 Ya ku 'yan'uwa masu saye da sayarwa na ƙasar Wudil, na Kara da na cikin kasuwa, na Darki da Lajawa da Utai da Indabo da sauran gundumomi! Wannan mako, bayan kun gama duba farashin shanu da na hatsi, sai ku ɗan tsaya a nan, domin darasin namu na yau a kan wata haja ce da kowa ke nema ba don yana so ba, watau magani.

Dalilin kawo wannan darasi kuwa shi ne, in an tashi kafa kwamitin raya gunduma, wanda ke sa ido a kan ɗakin shan magani, sau da yawa ɗan kasuwa ake kamowa, a ce Alhaji wane mutum ne mai amana, ya san lissafi. To, sai ka ga an kawo masa takarda da rubutun boko, an ce ya sa hannu a nan, shi kuwa karatunsa na allo ne, kunya ta hana shi tambaya. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo, sunansa za a gani a ƙasan takarda. Saboda haka muka ga wajibi ne mu warware maganar dalla-dalla.

FASALI NA FARKO: INDA KUƊIN KE FITOWA

Ku sani, hanyoyi uku ne manya da kuɗin magani ke bi su shiga asibitocin gwamnati.

Ta farko ita ce asusun magani mai juyawa. Asalinsa kuwa, a shekarar 1987 ministocin lafiya na ƙasashen Afirka suka taru a Bamako ta ƙasar Mali, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar UNICEF mai kula da yara. Suka ga asibitoci sun zama kango, sai likita ya rubuta takarda ya ce je ka nema a waje. Sai suka yi shawara a ba kowane ɗakin shan magani jari, ya sayar da sauƙi, ya sake saro wani da kuɗin, jama'ar wurin kuma su sa ido. A wancan lokaci Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ne ministan lafiya na Nijeriya. Dattawa kuma ba su manta da maganin PTF ba, hukumar nan da aka kafa a 1994, Janar Muhammadu Buhari ya shugabance ta, aka rushe ta a 1999. Magani ya wadata a lokacin, amma a wurare da yawa jarin bai daɗe ba ya narke. A Jihar Kano, hukumar samar da magunguna da kayan asibiti, wadda ake kira DMCSA, ita ce babban siton da asibitocin gwamnati ke sari a wurinta.

Ta biyu ita ce kuɗin taimakekeniyar lafiya. Gwamnatin Tarayya ta fara aiki da nata shirin a 2005, inda ma'aikaci ke biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, hukuma ta cika sauran. A 2022 aka yi sabuwar doka, hukumar ta koma NHIA. Jihar Kano kuma ta yi dokar tata hukumar, watau KSCHMA, a 2016. A nan asibiti na karɓar kuɗi gwargwadon yawan mutanen da aka rubuta masa, ko kuwa ya yi aiki ya kai takardar neman biya.

Ta uku ita ce asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa. Dokar ta ce a ware abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ba, ta kuma raba shi kamar haka: kashi 50 na taimakekeniya, kashi 20 na magani da rigakafi da kayan aiki, kashi 15 na gyaran gini da na'urori da sufuri, kashi 10 na ma'aikata, kashi 5 na taimakon gaggawa. A kasafin kuɗin 2018 aka fara sa masa kuɗi, Naira miliyan dubu 55 da 'yan kai. Manufar ita ce kowace gunduma ta sami asibiti guda da kuɗi ke shiga asusunsa na banki kai tsaye. Masu sa hannu a fitar da kuɗin kuwa su ne shugaban asibitin da shugaban kwamitin gunduma.

FASALI NA BIYU: TAKARDUN DA BA A WASA DA SU

Ɗan kasuwa ya san kaya ba su shiga rumfa ba tare da ƙirga ba. To, haka abin yake a nan, sai dai kowane mataki da takardarsa.

Na ɗaya, takardar tsarin aiki ta wata uku. Kafin a taɓa kuɗi, shugaban asibiti da kwamiti za su zauna su rubuta abin da za a saya da kimarsa. Abin da ba ya cikin wannan takarda, ba a fitar masa da kuɗi sai da izini.

Na biyu, takardar karɓar kaya. In magani ya iso, a ƙirga a gaban shaidu, a duba lambar NAFDAC, a duba ranar da zai lalace, sa'an nan a sa hannu.

Na uku, katin sito. Kowane irin magani da katinsa: nawa ya shigo, nawa ya fita, nawa ya saura. Wanda ranar lalacewarsa ta fi kusa, shi ake fara fitarwa, kamar dai mai tumatir da ke fara sayar da nunanne.

Na huɗu, rasit. Duk wanda ya biya, ko nawa ne, a yanka masa, kwafi ya saura a littafi.

Na biyar, littafin kuɗi da takardar banki. Cinikin da aka yi a kai shi banki, kada a bari ya yi ta kwana a aljihun wani.

Na shida, littafin bashi da yafiya. Akwai marar lafiyar da za a ɗaga wa ƙafa, akwai wanda ba shi da ko kwabo. Taimakonsu alheri ne, amma sai an rubuta suna da dalili da wanda ya ba da izini. Ku tuna, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take.

In wata uku ta cika, sai a haɗa rasit da boca da bayanin banki a kai wa hukuma. Asibitin da bai kai lissafin kuɗin baya ba, ana iya riƙe masa na gaba. Wanda zai sha wuya kuwa ba akawu ba ne, mai ciki ce da ta zo awo daga ƙauye ta tarar da kanta wayam.

FASALI NA UKU: MISALIN LISSAFI

Wannan misali ne kurum muka ƙaga don koyo, ba lissafin wani asibiti ba ne.

Mu ce an fara wata da magani na Naira 500,000, shi ne uwar kuɗi. Cikin watan aka saro ƙari na Naira 100,000, aka biya 60,000, ana bin asibiti 40,000. Aka sayar da maganin da sarinsa ya kama 250,000, aka ɗora kashi 10 cikin 100, ciniki ya zama 275,000. Cikin wannan, 58,000 bashi ne da ba a karɓa ba tukuna. Aka kashe 8,000 a kuɗin mota da buga rasit.

To, me ya kamata a tarar? Magani a kanta na 350,000. Tsabar kuɗi kuwa, ɗebe 58,000 daga 275,000, saura 217,000, ɗebe 60,000 da 8,000, saura 149,000. Haɗa 350,000 da 149,000 da bashin 58,000, ka fitar da 40,000 da ake bin ku, ya tashi 517,000. Wannan ita ce darajar asusun in komai ya tafi daidai.

Sai kwamiti ya ƙirga ya tarar da magani na 330,000, banki 135,000, akwati 7,000. In ka haɗa da bashi ka fitar da abin da ake bin ku, 490,000 za ka samu. Ka ga giɓin 27,000 ke nan: 20,000 a kaya, 7,000 a kuɗi. Na kaya, sai a tambaya: lalacewa ya yi, ko kyauta aka bayar ba a rubuta ba, ko kuwa ya yi ƙafa? Na kuɗi, sai a gwada rasit da takardar banki. Wani zai ce ai 27,000 ba wani abu ba ne. Ninka shi sau 12 ka gani, 324,000 ne, fiye da rabin jari a shekara guda. Da yayyafi kogi ke cika, da ɗiga kuma randa ke ƙarewa.

Akwai kuma ɓarawon da ba shi da ƙafa, watau tashin farashi. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023 magani ya yi tsada ƙwarai. In ka sayar da tsohon farashi, kuɗin da ya sayo kwali 10 ba zai maido da 10 ba. Saboda haka kwamiti ya riƙa duban yawan kayan da ke kanta, kada ya tsaya ga adadin Naira kaɗai.

FASALI NA HUƊU: GYARA DA RAGI, NA WANE NE?

Nan ne gizo ke saƙar. A Kara ranar Juma'a, in dillali ya haɗa ciniki, la'adarsa sananniya ce, mai saniya ya sani, mai saye ya sani. In ka auni hatsi aka yi maka gyara, gyaran na mai kuɗin ne, ba na yaron da aka aika ba. To, masu sayar da magani su ma sukan yi ragi, ko su ƙara kwali kyauta, ko su ce ga na goro. In kuɗin jama'a aka yi sarin da shi, ragin na jama'a ne. A rubuta shi a takardar karɓar kaya, kwalin kyauta ya hau katin sito. Malamai sun karantar da mu labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa. Manzon Allah ya hau mumbari ya yi tsawa a kan haka, don kuwa saboda aikin aka ba shi.

Wannan matsala ba a nan kaɗai take ba. A lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, kamfanoni sun daɗe suna mayar wa masu kantin magani wani kaso don a fifita hajarsu. A 2006 aka yi doka aka hana wannan, aka bar alawus da bai wuce kashi 20 cikin 100 ba a shirin magani na gwamnati, bisa sharaɗin a kashe shi a hidimar marasa lafiya, mai bayarwa da mai karɓa kowa ya kai lissafinsa. Da gwamnati ta ga lissafin bai gamsar ba, sai ta soke alawus ɗin a shirin nata a 2010. Abin lura a nan: kuɗin da aka kasa ba da bayaninsa, ƙarshensa a janye shi.

Haka kuma a kula da inda ake sari. A 2024 hukumomi suka tilasta wa masu sarin magani na Sabon Gari da kewaye komawa sabuwar kasuwar magani ta Ɗangwauro a kan hanyar Zariya. Araha ba ta hana a nemi rasit mai suna da adireshi. Masu kemis na cikinmu, wannan ta shafe ku: ku sabunta lasinku na hukumar PCN, ku adana takardun sari, kuma kada ku karɓi maganin da ya fito ta bayan katangar asibiti, komai arharsa.

NASIHA GA ƊAN KWAMITI

Kada ka sa hannu a cek ɗin da ba a cika ba, ko da ɗan'uwanka ne ya kawo. Ka sa a karanta maka kowace takarda da Hausa, wannan haƙƙinka ne, ba ƙauyanci ba. Ka sami littafinka na kanka ka riƙa rubuta kwanan wata da adadi da ajami, don rubutun da ka iya shi ne shaidarka. Ranar ƙirgar kaya ka je da ƙafarka. Ka nemi a manna farashin magani a bango inda kowa zai gani. In ka ga giɓi, fara tambaya cikin mutunci, don ba kowane giɓi ne sata ba, wani kuskuren alƙalami ne. In an kasa warwarewa, a kai ga dagaci da sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Ma'aikacin kirki kuwa lissafi kariya ne gare shi, domin mai gaskiya ba ya tsoron awo.

TAMBAYOYI DON BITA

1. Kawo hanyoyi uku da kuɗin magani ke shiga asibitin gwamnati.
2. A misalinmu, in da bashin da ake bin asibiti 60,000 ne, sauran abin da kwamiti ya ƙirga bai sake ba, nawa darajar asusun za ta zama?
3. An saro kwali 100 aka ƙara 5 kyauta. Nawa za a rubuta a katin sito, kuma don me?

Ku tattauna su a rumfa bayan la'asar, wanda ya gane ya fahimtar da maƙwabcinsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a kasuwa, ya ba mu ikon riƙon amana. Amin. Wassalam.