Fentin da Ƙurar Arlit Ba Ta Kamawa

Duk wanda ya shafa farin fenti a Arlit, ko Akokan, ko ƙauyukan Dannet, ya san hunturu ɗaya ya isa ya mayar da shi ja. Dalili kuwa, fentin ruwa mai araha yakan yi laushi idan rana ta gasa bango, sai ƙura ta lafe masa.

Amma akwai fentin da ake haɗawa da sinadarin fulorin, irin Kynar Aquatec na kamfanin Arkema na Faransa. Fulorin yana riƙe kabon da ke cikin fentin gam, shi ya sa rana ba ta saurin cinye shi, datti kuma ba ya samun wurin kamawa. Da ruwa ake dama shi, don haka warinsa kaɗan ne.

Sai dai yana da tsada, kuma asarar kuɗi ce a kan bangon laka. Idan bangon siminti ne, mai gida ya bar shafen simintin ya yi kwana 28, sannan a shafa da sassafe, ranar da babu iska.

Ragowarsa kada a zuba kusa da rijiya. Dangin wannan sinadari, PFAS, ba sa ruɓewa, har Tarayyar Turai na nazarin taƙaita su tun 2023.