Amsoshin Tambayoyinku: Janar Lee da Yaƙin Basasar Amurka

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya aiko yana tambaya, shin gaskiya ne an taɓa yi wa Janar Robert Lee, jagoran mayaƙan Kudu a yaƙin basasar Amurka, tayin shugabancin rundunar Arewa?

To malam, haƙiƙa zancen nan sahihi ne. A watan Afrilu na 1861, sa'ad da fitina ta kunno kai a kan al'amarin bauta, gwamnatin Shugaba Abraham Lincoln ta yi masa wannan tayi, amma da yake jiharsa ta Virginia ta ƙuduri ɓallewa, sai ya ƙi, ya ajiye muƙaminsa, bisa hujjar cewa ba zai zare takobi a kan mahaifarsa ba.

Daga cikin abubuwan al'ajabin yaƙin, Janar Jackson, na hannun daman Lee, ba maƙiya ne suka harbe shi ba, illa dai dakarunsa, bisa kuskure, cikin duhun dare a Chancellorsville, a watan Mayu na 1863, ya kuwa cika bayan kwana takwas.

Haka kuma wani attajiri, Wilmer McLean, wanda aka gwabza babban faɗa na farko kusa da gonarsa a Manassas, ya yi ƙaura zuwa Appomattox domin neman aminci, sai ƙaddara ta hukunta cewa a cikin gidansa ne Lee ya miƙa wuya ga Janar Grant na rundunar Arewa, ranar 9 ga Afrilu, 1865.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.