Darasi na 14: Tsohon karen Isuhu

Isuhu yana da kare mai suna Baƙi. Shekara 13 ke nan Baƙi yana gadin tumakin gidansu. Wata safiya sai ya kasa tsayuwa. Kansa ya karkace gefe guda, idanunsa suna rawa. In ya tashi, sai ya yi ta kewaya wuri ɗaya, ya faɗi.

Maƙwabta suka ce: «Ya haukace, a kashe shi!» Baban Isuhu ya hana yara matsowa, ya kira malamin dabbobi.

Malamin ya duba takardar rigakafin Baƙi, ya leƙa kunnuwansa. Ya ce: «Ba hauka ba ce. Can cikin kunne akwai wani wuri mai ruwa, shi ke taimaka wa jiki ya tsaya daidai. In wurin ya samu matsala, sai dabba ta ga kamar ƙasa tana juyawa. Jiri ke nan. Yakan kama tsofaffin karnuka.»

Isuhu ya shimfiɗa masa buhu a inuwa, nesa da rijiya da murhu. Yana ba shi ruwa da abinci kaɗan-kaɗan, don yana amai. Yakan sa tsohon zane ƙarƙashin cikinsa, ya tallabe shi ya taka. In ya gama, sai ya wanke hannu da sabulu.

Bayan kwana 3, idanun Baƙi suka daina rawa. Bayan mako 2, ya koma bakin garke, kansa a ɗan karkace.

Tambayoyi
1. Don me baba ya hana yara matsowa?
2. Don me Isuhu ya nisanta Baƙi da rijiya?