Awon Shigar Wuta da Fitarta a Batura: Nazari Daga Fagge da Sabon Gari

Kalmar wuta a bakin Bahaushe tana ɗauke da kaya da yawa. Ita ce ta murhu, ita ce ta lantarki, kuma da ita ake cewa batir ya sha wuta, ko wutarsa ta ƙare. A hira wannan ba ya ɓata kome. Amma ga mai shagon da ya zuba jarinsa a batura, akwai abubuwa biyu da kalmar ta haɗe waɗanda lalle ne a raba su: ƙarfin turin wuta, wanda ake aunawa da bolt, da kuma yawan wutar da ke gudana cikin waya, wanda ake aunawa da amfiya.

Dogaro da batura a Kano ya samo asali ne daga rashin tabbas na wutar gwamnati, tun zamanin NEPA da aka kafa a 1972, har zuwa KEDCO da ta karɓi rarraba wuta a 2013. Bayan gobarar da ta cinye shaguna masu yawa a kasuwar Sabon Gari cikin Maris 2016, an shigar da wutar sola a kasuwar a 2018, kuma daga nan faifan sola da inbata suka ƙara bazuwa cikin shaguna da gidajen Fagge.

Galibi ana jera batura huɗu na dalma, kowanne mai bolt 12 da amfiya-awa 200, a haɗa su kai da gindi su ba da bolt 48. Amfiya-awa 200 ɗin nan ma'anarta ita ce batir zai ba da amfiya 10 har tsawon awa 20. In aka matsa masa da kaya masu nauyi ba zai cika wannan alkawari ba, kamar yadda Bajamushen nan Peukert ya bayyana tun 1897. Har ila yau, batir na dalma ba ya son a ɗebi fiye da rabin abin da ke cikinsa.

To, mafi yawan masu batura bolt kaɗai suke dubawa a fuskar inbata, kuma nan ne ruɗin yake. Batir cikakke da ya huta yakan nuna wajen 12.7, wanda ya kai rabi kuwa wajen 12.2. Tazarar ba ta da yawa. Sa'an nan kuma, muddin ana caji lambar takan haura 13 ko da batir bai ƙoshi ba, in kuma firji ya tashi sai ta faɗi ko da yana cike.

Alal misali, a ɗauki mai kantin magani da ke jan amfiya 10 na awa 6 kowane dare, watau 60. Lokacin hunturu ƙura ta rufe faifai, rana ba ta mayar masa sai amfiya 8 na awa 5, watau 40. Daren farko zai kwana da 140, na biyu da 120, na uku da 100, na huɗu ya riga ya ƙetare iyaka. Alhali kullum da azahar fuskar inbata tana nuna masa lamba mai faranta rai. Batirin da aka bari haka da yunwa, wani farin gishiri yakan daskare a jikin dalmarsa, ya rage masa ciki har abada. Zafin bazara na Kano, wanda kan kai digiri 40, sai ya ƙarasa shi. Daga baya a ce mai sayarwa ne ya yi ha'inci, ko da yake wani lokaci ba shi da laifi.

Maganin abin shi ne irin lissafin da kowane ɗan Kantin Kwari ya sani, watau littafin shiga da fita. Ana ɗaura wani guntun ƙarfen awo a kan baƙar wayar da ta fito daga batura. Wutar da ta ratsa shi takan bar ɗan bambancin bolt tsakanin bakinsa biyu. Wanda aka fi samu yana ba da kashi 50 cikin dubu na bolt ɗaya idan amfiya 500 ta wuce. Mita tana karanta wannan, ta gane ko shiga ce ko fita, ta riɓanya da lokaci, ta ajiye jimla.

Sharaɗin farko shi ne kada wata waya ta zagaye ƙarfen. Mai gyaran da ya maƙala fanka kai tsaye a kan batir ya buɗe ƙofar da ba a rubuta kayanta. Na biyu, abin da aka zuba ba ya dawowa duka, domin wani kashi yana tafiya a zafi da tafasar ruwan batir, saboda haka lissafin mita yakan kauce kaɗan-kaɗan. Shi ya sa ake so a riƙa cika batura tam a kai a kai, mita ta koma ɗari bisa ɗari. Batura na litiyam da suka shigo daga baya sun fi bukatar wannan awo, don kuwa bolt ɗinsu kusan tsaye yake daga cika har gab da ƙarewa.