"Wai" da Idon Kyamara: Nunin Madogara a Labaran Fatalwa na Kirsimeti a Ingila

Gabatarwa

A watan Disamba rana takan faɗi a birnin Landan tun kafin ƙarfe huɗu na yamma. Cikin dogon daren nan na sanyi Turawan Ingila suka raya wata al'ada da baƙo zai yi mamakinta: a jajibirin Kirsimeti, wato Nowel, akan taru kusa da murhu ana ba da labaran fatalwa. Wannan maƙala ta ɗauki al'adar a matsayin fagen nazarin abu guda: yadda harshe ke nuna inda mai magana ya samo maganarsa, da abin da kan sami wannan alama idan labari ya bar kunne ya koma ido.

Daga baki zuwa talabijin

Al'adar ta bunƙasa a ƙarni na 19. A Disamban 1843 Charles Dickens ya wallafa A Christmas Carol, labarin wani marowaci da fatalwa ta ziyarta a daren Kirsimeti, kuma daga 1853 ya shiga karanta shi da bakinsa a gaban jama'a. Bayansa sai M. R. James (1862–1936), malami a jami'ar Kambirij, wanda yakan tara abokansa a lokacin Kirsimeti ya karanta musu labarin da ya rubuta. Kundinsa na farko ya fito a 1904. Ke nan labaransa an tsara su ne domin kunne. Daga 1971 zuwa 1978 gidan BBC ya riƙa nuna fim ɗin fatalwa guda a kowace Kirsimeti, biyar na farko duk daga labaran James, sannan aka farfaɗo da shirin a 2005.

Nunin madogara

Nunin madogara shi ne hanyar da harshe ke bi ya bayyana ko mai magana ya gani da idonsa, ko ji ya yi, ko kuwa hasashe ne. Alexandra Aikhenvald, a littafinta na 2004 kan wannan fanni, ta ƙiyasta cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na harsunan duniya suna da shi a cikin nahawunsu. Turkanci, alal misali, yana da ɗafa-ƙeya da ake liƙa wa aikatau idan mai magana bai shaida abin da kansa ba. Faransanci kan ari sigar sharaɗi, kamar yadda ƴan jarida ke yi da labarin da ba su tabbatar ba. Hausa tana da kalmomi na musamman. A dubi waɗannan jimloli:

(1) Fatalwa ta fito a bakin rijiya.
(2) Wai fatalwa ta fito a bakin rijiya.
(3) Ashe fatalwa ce ta fito a bakin rijiya.

A jimla ta (1) mai magana ya ɗauki nauyin zancen. A ta (2) ya sauke nauyin a kan wani wanda ba ya nan. A ta (3) ya nuna cewa gaskiyar ta zo masa ba zato.

Tatsuniya ba ta bukatar "wai". Da an ce "Ga ta nan, ga ta nanku", kowa ya san an shiga duniyar Gizo da Ƙoƙi, ba wanda zai nemi shaida. Labarin fatalwa kuwa so yake a ɗauke shi kamar abin da ya faru, alhali mai ba da shi ba zai iya rantsuwa a kansa ba. Saboda haka gidansa jimla ta (2) ce, kuma tsoron yakan zo a daidai lokacin da "wai" ta rikiɗe ta zama "ashe".

Yadda Ingilishi ke faɗin "wai"

Ingilishi ba shi da nunin madogara a nahawunsa, don haka marubutan suka gina shi a cikin tsarin labari. Misali mafi bayyana shi ne The Turn of the Screw na Henry James (1898), wanda ba shi da dangantaka da M. R. James sai ta suna. Labarin ya buɗe da taron hira a jajibirin Kirsimeti. Mai ba da labari ya ji shi daga wani Douglas, shi kuma Douglas karantawa ya yi daga rubutun wata malamar yara da ta daɗe da rasuwa. Baki uku ke nan tsakanin mai karatu da fatalwar, kuma ba sauran wanda za a tambaya. Har yau manazarta na jayayya ko fatalwar gaskiya ce ko ruɗun malamar ne. M. R. James shi ma yakan jingina labari ga tsofaffin takardu da wasiƙu da littafin sirri da wani masani ya tsinta a laburare. Takardar nan ita ce "wai" ɗinsa.

Matsalar kyamara

Kyamara ba ta iya cewa "wai". Duk abin da ta nuna, mai kallo ya zama ganau, alhali labarin ya dogara ne da zamansa jiyau. Lawrence Gordon Clark, wanda ya shirya mafi yawan finafinan 1970 ɗin, ya bi hanya biyu. A fim ɗin 1971 ya bar masanin da ke karanta littafin sirri a laburare, domin madogara ta kasance a gaban mai kallo. A na 1972 ya nuna fatalwar daga can nesa a gaɓar teku, yadda ido ba zai yanke hukunci ba. A 2000 kuma BBC ta koma tushe: Christopher Lee ya zauna a matsayin James yana ba ɗalibai labari da baki, a hasken kyandir.

Kammalawa

Darasin ya shafi duk ɗalibin da ke fita neman bayanai a karkara. Idan tsohuwa a Tibiri ko Mirriya ta ba da labarin kurwa ko fatalwa, "wai" da "an ce" da "in ji" da ke warwatse cikin zancenta ba cikon baki ba ne. Da su take nuna abin da ta shaida da abin da ta gada. Mai juyar magana daga rikoda zuwa takarda da ya share su domin jimla ta yi santsi, ko mai fassara zuwa Faransanci da ya mayar da su zance kai tsaye, ya ɗora mata da'awar da ba ta yi ba. Hunturun bana dama ce ta gwaji: a ɗauki labari guda a hirar bakin wuta, a ƙirga alamomin madogara da ke cikinsa, a lura da wurin da suke yawaita da wurin da mai labari ya daina amfani da su.