Yadda ake tarar naƙuda ba tare da tsoro ya riga ciwo ba

Kafin a kai yarinya ɗakin miji, babu abin da ba a zaunar da ita a koya mata: girki, gyaran jiki, zama da dangin miji, har yadda za ta gaida uwar miji. Amma ran da ciki ya tsufa ta tambayi yadda naƙuda take, amsar ba ta wuce "ke dai Allah Ya raba lafiya" ko "in kin je kya gani." Abin da ya rage sai ta tsinta a gidan suna, a bakin masu ba da labarin wadda ta kwana uku a kan gwiwa da wadda aka yi wa aiki ba ta tashi ba. Da wannan guzurin take shiga ɗakin haihuwa. Ga shi kuma yawancin matanmu babu maganin kashe zafi suke haihuwa, ko sun so ko ba su so ba, domin allurar da ake yi a gadon baya ta kashe ciwon sai a manyan asibitoci ake samunta, can ma da tsada. Tunda haka ne, ai ya kamata a ɗauki jure naƙuda a matsayin abin da ake koya, a daina barin sa ga sa'a.

Ana farawa ne da sanin abin da ke ciwon. Mahaifa tsoka ce, kuma a naƙuda aiki take yi. Duk lokacin da mara ta murɗa, saman mahaifar ne yake tsukewa yana janye bakinta sama, kamar yadda ake jan wuyan matsattsiyar riga a kan yaro har kan ya fito. Bakin nan da yake rufe wata tara sai ya buɗe santimita 10 kafin jariri ya wuce. Wannan ciwo ba alamar wani abu ya lalace ba ne, kuma ga abin da ba a cika faɗa wa mai cikin fari ba: zuwa yake yi ya tafi. Idan naƙuda ta kankama, murɗawar kan zo sau uku zuwa huɗu a cikin minti goma, kowace ta ɗauki kamar minti ɗaya. Ki yi lissafi da kanki. A minti goma, wajen shida na hutu ne. Mace mai tsoro ba ta cin moriyar shidan nan, domin tana ƙare su ne wajen fargabar wadda ke tafe.

Wani likitan Ingila, Grantly Dick-Read, wanda ya yi rubutu a kan haka tun a 1933, ya lura cewa tsoro na sa jiki ya ƙanƙame, ƙanƙamewa na ƙara zafi, zafin kuma ya koma ya ƙara tsoro. Daga baya an gane dalili. Sinadarin oksitosin ne ke sa mahaifa aiki, kuma ya fi zuba idan mace ta natsu ta aminta da waɗanda ke kanta. Idan ta firgita, sinadarin adirenalin ne ke hauhawa, shi kuwa yana iya sa naƙuda ta ja baya. Shi ya sa wata za ta bar gida ciwo na ci, tana shiga asibiti a daka mata tsawa, sai abu ya tsaya cak. Dick-Read ya ɗan zarce, don ya ɗauka in babu tsoro kusan babu ciwo. Da ciwo, kada kowa ya ruɗe ki. Abin da ake iya ragewa shi ne ƙarin da tsoro ke ɗorawa a kai, kuma ƙarin nan ba kaɗan ba ne.

Daga wata na bakwai sai a shiga shiri. A wajen awo, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tun 2016 a riƙa zuwa aƙalla sau 8, kada ki tsaya ga miƙa hannu a gwada jini a ba ki magani ki tafi. Tambayi malamar asibiti yadda kwanciyar ɗan take, ko jininki ya isa, ko akwai dalilin da zai hana ki haihuwa da kanki. Roƙi a nuna miki ɗakin haihuwa ki ga gadon da idonki. Sannan ki ambaci abin da kike tsoro da sunansa, domin "ina tsoron haihuwa" buhu ne mai kaya iri-iri a ciki. Wata ƙari take tsoro, wata ɗinki, wata kada ta yi bayan gida a gaban mutane (wannan yana faruwa sosai, ungozoma ta share ta wuce, ko a jikinta), wata kuma mutuwa ce tsagwaronta, don yayarta ta rasu a kan gwiwa. Kowanne da amsarsa. Wadda tsoron ya hana ta barci, ko take jin da ma a zubar da cikin, ta faɗa wa likita, wannan ya wuce fargabar da kowa ke yi. Masu labarin tashin hankali kuwa, ki ce musu cikin ladabi, "Yaya, bari sai na sauka kya ƙarasa mini."

A watannin nan ne kuma ake koyon numfashi, ba ranar ba. Ja iska ta hanci kina ƙirga huɗu, sake ta ta baki a hankali kina ƙirga shida ko takwas, kafaɗu a sauke, haƙora ba a cije ba, tafin hannu a buɗe. Fitar numfashin ita ce mai aikin, ita ke sassauta jiki. Wadda ƙirga ke rikita ta, ta ɗora salati ko addu'ar da bakinta ya saba a kan fitar numfashin, tsawonsu ya yi daidai. Don ki gwada kanki, damƙi ƙanƙara a hannu na minti ɗaya. Karon farko ki bar hankalinki a kan sanyin. Karo na biyu ki bi numfashinki. Za ki ga minti ɗayan bai zama tsawo ɗaya ba.

Sai zaɓen wadda za ta tsaya a kanki, kuma a nan ake yawan kuskure. Ba lallai mahaifiya ba. Wata uwar kunyar ɗan fari ba za ta bar ta ta zauna ba, wata kuma tana ganin 'yarta a haka sai ta riga ta kuka. Nemi mai sanyin rai da ƙarfin hannu, wadda ta haihu, wadda ba kya jin nauyin yin nishi a gabanta: ƙanwar uwa, yaya, aminiya. A shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018, an ce a bar kowace mai naƙuda da abokin zama na zaɓinta, sai dai asibitocin gwamnati da yawa gadaje a jere suke a ɗaki ɗaya, ba sa barin kowa ya shiga. Ki tambaya tun da wuri. Maigida kuma aikinsa a bayyane yake: kuɗi a ajiye, lambar mai mota ko mai adaidaita sahu a waya, wanda zai ba da jini in an buƙata, da izini tun yanzu cewa ko ba ya gari a wuce asibiti. Rabin fargabar wasu matan ba ta ciwo ba ce, ta "wa zai kai ni cikin dare" ce.

Ranar da abu ya fara, yawanci a hankali yake somawa: ciwon baya, mara na ɗaurewa tana saki, wani abu mai yauƙi da ɗan jini-jini ya fito. Wannan ita ce naƙudar tsaye, kuma a cikin fari tana iya cin yini har da kwana. Kada ki ƙone ƙarfinki a nan. In dare ne ki kwanta ta gefen hagu ki saci barci. In rana ce ki yi 'yan hidimominki, ki yi wanka da ruwan ɗumi, ki sha kunu, ki ci dabino ko abinci mara nauyi, ki riƙa fitsari a kai a kai domin cikakkiyar mafitsara na tare wa kan ɗa hanya. Idan murɗawar ta koma duk minti biyar, ba kya iya magana a cikinta, ko faya ta fashe, a ɗauki katin awo da kayan haihuwa a tafi. Wadda gidanta ke nesa da asibiti, ko ta saba haihuwa da sauri, kada ta jira haka.

Daga santimita 5 ake cewa naƙuda ta kankama. A nan kwanciya rigingine ita ce mafi wahala, ga shi ita aka fi sa mata a asibiti. In babu abin da ya hana, tashi ki taka, ki dafa bango ko gado kina juya ƙugu, ki durƙusa ki kifa kai a kan filo. Kakanninmu da suke cewa "tana kan gwiwa" sun san abin da suke yi, domin durƙuso na ɗauke nauyin ɗa daga gadon baya. Mai tsaya miki ta sa gindin tafin hannunta a ƙasan bayanki, daidai inda ƙugu ya haɗu, ta danna da ƙarfi muddin ciwon na nan, ta saki in ya lafa. Ta jiƙa tawul da ruwan ɗumi ta ɗora a wurin, ta shafe miki fuska da mai sanyi, ta ba ki ruwa kurɓi-kurɓi. Kada ta yi ta tambaya ana tsakiyar ciwo. Maganarta gajera ce: "Saki kafaɗarki, Ladidi. Yauwa. Wannan ta wuce, ba za ta dawo ba." Ke kuma guda ɗaya za ki riƙa tara. Kada ki tambayi saura nawa.

Sai maganar kuka. An raine mu a kan cewa mai ihu a naƙuda raguwa ce, za a yi mata gorin raki har ɗan ya girma. Ni ban ga amfanin wannan ba. Alƙur'ani ma ya ba da labarin yadda naƙuda ta kai Nana Maryam gindin dabino har ta yi burin da ma ta mutu kafin ranar, ba a kuma zarge ta ba, aka lallashe ta da abin ci da abin sha. To wace ce za a ce kada ta yi ko tari? Abin lura kawai shi ne irin sautin. Ƙara mai tsini daga maƙogwaro tana ƙanƙame jiki ta cinye ƙarfi. Gurnani mai kauri daga ƙirji, baki a sake, yana tafiya tare da numfashi, yana taimako. Shirun da ake cije leɓe a yi don gudun gori, shi ne ya fi kowanne gajiyarwa, kuma shi ne ke sa yarinya ta ɓoye naƙuda a ɗaki har lokaci ya ƙure.

Wajen santimita 8 zuwa 10 akwai wani ɗan tsakani da ya kamata kowace mace ta san da shi tun kafin ranar. Murɗawar na zuwa kusan a manne, jiki na rawa, amai na iya zuwa, sai mace ta ji ta gama yawo. A nan ne ake jin "ku yafe ni," "ku kira mini Inna," "wallahi ba zan iya ba." Ungozomomi in sun ji haka sai su fara sa safar hannu, domin galibi wannan shi ne mafi gajarta, kuma alama ce an zo gangara. Mai tsaya miki ta dube ki ido cikin ido ta yi numfashin tare da ke. In yunƙuri ya zo alhali an ce baki bai gama buɗewa ba, ki riƙa hura iska gajere-gajere, domin nishi kafin lokaci na iya kumbura bakin mahaifa. In ya buɗe, bi jikinki: nishi in ya taso, hutu in ya lafa. Mata da yawa sun fi son wannan matakin, don yanzu da abin yi. Lokacin da kai ya danno za ki ji raɗaɗi kamar wurin zai tsage. Ungozoma za ta ce ki daina nishi ki yi haki. Ki ji maganarta, fitowar kai a hankali ce ke rage ƙaruwa.

Da ya faɗo, a ɗora miki shi a ƙirji fata da fata, a sa shi a nono cikin awa ta farko, dakashin nan kada a zubar. Allurar da ake yi a cinya bayan haihuwa ba ta kashe zafi ba ce, ta tsuke mahaifa ce don kada jini ya ɓalle, kada ki ƙi ta. In za a yi ɗinki, ki ce a yi miki allurar kashe wurin tukuna. Haƙƙinki ne, babu lada a jure ɗinki da ɗanyen nama.

Dauriya kuma tana da iyaka, kuma rashin sanin iyakar ne ya cika asibitin Babbar Ruga a Katsina da masu yoyon fitsari. Naƙuda mai ƙarfi ba ta cika wuce awa 12 a haihuwar fari ba, ko awa 10 a na baya. In rana ta fito ta faɗi mace na kan gwiwa a gida, ba numfashi take buƙata ba, likita take buƙata. Haka in jini ya zubo, ko ruwan faya ya fito kore ko ruwan ƙasa, ko hannu ko cibiya ta riga kai, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko jijjiga, ko zazzaɓi, ko ɗan ya daina motsi. Wadda aka taɓa yi wa aiki kuwa, tun farko a asibiti za ta yi naƙudarta. Kada a ba ta jiƙon da zai "kawo haihuwa kusa," kada a kira mai kemis ya yi mata allurar naƙuda a gida, kada a hau cikinta a danna, kada a yi mata yankan gishiri. Waɗannan na iya fasa mahaifa ko mafitsara. In kuma kina asibiti kika ji ciwon ya fi ƙarfinki, tambayi abin da suke da shi na rage zafi, ki karɓa, babu wanda zai rage miki matsayin uwa.

Iyaye da yayye, wadda ta zo goyon ciki gidanku, ku zaunar da ita tun wata na bakwai ku faɗa mata waɗannan abubuwa dalla-dalla, in kunya ta hana ku, ku haɗa ta da wadda za ta iya.